Darasi na Bakwai: Yadda Guntun Tsiro Ke Zama Shuka a Cikin Kwalba

Duk wanda ya taɓa dasa rake a fadamun Maƙarfi, ko rogo a bayan gida, ya san ba iri kaɗai ke ba da shuka ba. Gaɓa ɗaya ta isa. To, masana aikin gona, irin waɗanda muke gani a Samaru, sun san abin da ya fi haka: guntun tsiro da bai kai farce ba ma yana iya zama shuka cikakkiya.

Ga yadda ake yi. A yanko guntun ganye ko kara daga ɗanyen tsiro, a wanke shi da ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta. Sai a ɗora shi a cikin kwalba, a kan abinci mai kama da kunun da ya kwana ya daskare. A cikinsa akwai sukari da sinadaran taki. Haɗin da aka fi amfani da shi, wasu masana biyu, Murashige da Skoog, ne suka fitar da shi a 1962.

Nan ne ya kamata ka buɗe ido. Bayan 'yan kwanaki bakin yankan zai kumbura. Ka tuna yadda itacen mangwaro ke tara nama a inda gatari ya sare shi? Haka guntun yake yi. Ƙwayoyin halittar tsiron da ke wurin sai su bar aikinsu na da, su yi ta rabuwa, har su zama dunƙule mai laushi kamar marmashin awara. Ana kiransa kalus. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba ce, jira yake a nuna masa hanya.

Sinadarai biyu masu sarrafa girman tsiro ke nuna masa: saitokainin da oksin. In saitokainin ya rinjaya, sai ɗigo-ɗigon kore su bayyana a jikin dunƙulen, su zama toho. In oksin ya rinjaya, saiwa ce za ta fito. Shi ya sa ake fara neman toho, sannan a sauya kwalba don saiwa.

Tsafta fa ba abin wasa ba ce. Fumfuna na son sukari, kuma in ta shiga kwalba, aikin makonni ya lalace.

Shukar kwalba ba ta saba da iska ba. Kada a fitar da ita kai tsaye cikin hunturun Zariya. A rufe ta da leda a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan.

Aikin gida: Nemo bishiyar da aka sara a unguwarku. Dubi bakin saran, ka rubuta jimla 3 a kan abin da ka gani.