Yadda nake auna tasirin girgizar atam a kan juyin ilektiron a MoS2

A falle ɗaya na MoS2 (kiristal na molibdenom da sulfa), wanda kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba, atam ba sa zama shiru. Kullum suna girgiza, kuma wannan girgizar ce muke kira fonon. Ilektiron yana zama a ɗaya daga kwari biyu na makamashi, K ko K′, kuma juyinsa (spin, wato halinsa mai kama da na ɗan ƙaramin maganaɗisu mai fuskantar sama ko ƙasa) a ɗaure yake da kwarin. Tun 2012 aka nuna cewa haske mai murɗawa dama yana cika kwari ɗaya, mai murɗawa hagu ya cika ɗayan. Aikinmu shi ne gano yadda fonon ke kwance wannan ɗaurin.

Fara da ɓare kiristal ɗin da salatif, ka manna a kan silikon mai rufin SiO2. Kada ka yarda da idonka, ka gwada da Raman, wato awon girgizar atam da hasken leza. Layuka biyu za su fito kusa da 385 da 404 cm⁻¹. In tazararsu wajen 19 ce, falle ɗaya ne. In ta kai 25, dunƙule mai falle da yawa ka samu. Ni ina rufe samfurin sama da ƙasa da hBN (siririn falle na boron nitride), domin layin haske yana sirancewa sosai.

Sanyaya shi zuwa 4 K (kelvin, wato kusan −269 °C) da ruwan hiliyam, inda makamashin zafi bai kai rabin meV ba (meV ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi ne). Haska leza mai 633 nm mai murɗawa dama, ka auna hasken da ya dawo, mai murɗawa dama da mai murɗawa hagu. Cire na hagu daga na dama, ka raba da jimillarsu. Wannan adadin ne ma'auninka na yadda ilektiron suka tsaya a kwarin da haske ya cika.

Daga nan ka riƙa ɗaga zafi sannu a hankali har 300 K, inda makamashin zafi ya kai 26 meV. Ma'aunin zai yi ƙasa yayin da fonon ke yawaita suna tura ilektiron daga wannan kwari zuwa wancan. Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne wannan: koma 4 K, ka sauya leza zuwa 532 nm. Rarar makamashinta ta isa ta haifi fonon masu tsallaka kwari, sai ka ga ma'aunin ya zube alhali samfurin yana nan da sanyinsa.

Amma kada ka ɗora wa fonon laifin komai. Ilektiron da gurbin da ya bari suna wata mu'amala ta musaya wadda ita kaɗai kan gauraya kwarin biyu cikin pikosakan kaɗan. Saboda haka nake maimaita awon da WSe2, wani kiristal mai falle irin na MoS2, inda rabuwar juyi (tazarar makamashi tsakanin juyi biyu) a ɓangaren gurbi ta haura 400 meV, ta MoS2 kuwa wajen 150, sannan in jera sakamakon biyu a zane ɗaya in kwatanta.