Kurakuran da sababbin maharba talotalon daji suka fi tafkawa

Duk shekara idan Afrilu ta kusa ƙarewa sai wayata ta hana ni sakat. Samarin da suka karɓi lasisin farauta karon farko, wasu 'yan uwanmu mazauna nan Amurka, wasu abokan aiki, kowa tambayarsa ɗaya: wace bindiga zan saya, wane abin kira ya fi kyau? Idan Mayu ta ƙare kuma labarinsu ɗaya, sun ji kukansa kamar a cikin kunne, amma ko gashinsa ba su gani ba. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na rubuta. A jihar Pennsylvania nake farauta, bana shekara goma sha huɗu ke nan, kuma duk abin da zan lissafa babu wanda ban tafka da kaina ba.

Wanda ya taso da farautar gida, ta gangami da karnuka da gora, sai ya ajiye wannan ilimin a mota. A farautar bazara doka ta hana kare, ta hana bin tsuntsu da sanɗa. Kira kawai aka yarda ka yi, shi ya tako da ƙafarsa ya same ka. Lokacin barbara ne. Namijin yana kwana a kan bishiya, da asuba ya ɓarke da kuka, matan su ji su nufo shi. Haka Allah ya halicce su, mace ce ke zuwa. Kai kuwa da ka zauna kana kwaikwayon muryar mace, so kake ya saɓa ɗabi'arsa ya zo wurinka. Wanda bai gane wannan ba zai sha wahalar banza.

Babban kuskuren da na tafka shi ne tashi daga mazauni. A shekarata ta biyu na samu wani ƙato da ya amsa kirana sau ya fi ashirin tun yana kan reshe. Da gari ya waye ya sauko, ya ƙara amsawa sau biyu, sai tsit. Na jira minti goma sha biyar, na ji kamar na shekara. Na ƙara kira, shiru. Na ƙara da ƙarfi, shiru. Zuciya ta raya mini ya bi mata ya tafi, gara in zagaya ta bayan tudu in tare shi. Ina miƙewa, gwiwa ɗaya a ƙasa, bindiga a rataye, sai ga jan kansa a bayan wani kututture, bai fi yadi talatin ba. Ashe tun ɗazu yake tahowa ba tare da ya ce uffan ba. Ya yi wannan 'yar ƙarar tasu ta tsoro, ya juya, kafin in sauke bindiga daji ya haɗiye shi. Na zauna a wurin ina jin haushin kaina har rana ta take.

Na faɗa wa wani dattijo da muke farauta a gandu ɗaya, ya yi dariya har da tari, ya ce shirun talotalo ya fi kukansa ma'ana. Gaskiyarsa. Tsohon namiji da ya tsallake shekara biyu ko uku na harbi sau da yawa idan ya yanke shawarar zuwa sai ya rufe baki. Ya riga ya san inda sautin ya fito, har gindin bishiyar da kake. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: idan tsuntsu ya amsa mini sannan ya yi shiru, ina duba agogo, awa ɗaya cur ba na motsi. Wasu ƙwararru sun fi son yawo suna kira daga tudu zuwa tudu, kuma suna samu. Ni dai na san halina, idan na fara tafiya ba na tsayawa. Na sayi ɗan matashin zama mai kauri, don rabin rashin haƙuri ciwon ɗuwawu ne.

Yawan kira ƙanin wannan kuskuren ne. Ko ɗan akwatin katako kake gogawa, ko allon dutse da tsinke, ko robar da ake mannawa a ganɗa, da zarar ya amsa ka rage. Kowace amsa daɗi take yi wa sabon maharbi, sai ya yi ta yi, shi kuma tsuntsun ya tsaya can yadi saba'in ya baza wutsiya yana jiran macen nan mai zumuɗi ta ƙaraso. Ni idan ya kusa, ganyen ƙasa kawai nake karta da hannu, kamar kaza na tono.

Sai masu komawa gida ƙarfe takwas wai mata sun ɗauke shi. To ai matan nan wajen tara ko goma sukan sulale su tafi sheƙa su yi ƙwai, su bar shi shi kaɗai yana nema. Yawancin waɗanda na samu, hantsi ya ɗaga na same su. A nan makonni biyun farko harbi na ƙarewa ne da sha biyun rana, don haka kada ka zubar da awannin da suka fi albarka saboda kofi.

Yanzu ga maganar da ba na wasa da ita. Kan namijin talotalo launi uku yake canzawa: ja, fari, shuɗi. Duk wanda ya shiga daji da ɗayansu a jiki ya mai da kansa abin hari. Wata safiya mura ta dame ni, na zaro farin hankici na share hanci. Ban san akwai wani mutum da ke bin kirana ba, yana zaton mace ce ta gaske. Ina ɗaga kai na hango bakin bindiga yana kallona daga cikin ganye. Na daskare, na ɗaga murya na ce mutum ne. Ya sauke, jikinsa na rawa, nawa ya fi nasa. Da na ɗaga hannu don in yi masa alama, wataƙila da wani ne ke ba da labarin nan.

Don Allah ku ji ni da kyau. Ba a harbin motsi, ba a harbin launi, ba a harbin sauti. Doka ta ce mai gemu kawai, wato wannan tuntun baƙin gashi da ke rataye a ƙirjinsa. Idan ba ka ga gemu da idonka ba, cire yatsa daga kunama. Ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. Ka ga mutum, yi magana, kada ka motsa. Farar singileti da ke leƙowa a wuya, jar safa, shuɗin kwalin taba, duk a bar su gida. Na taɓa mayar da wani yaro mota saboda jar hula, ya yi fushi da ni mako biyu, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Wanda ya harbi mace bisa kuskure ya hallaka sheƙa guda. Tsuntsun nan a shekarun 1930 saura ƙiris ya ƙare a Amurka. Da harajin bindiga da harsashi na dokar Pittman-Robertson ta 1937, da kama su da raga ana kai su dazukan da suka ɓace, da ƙoƙarin ƙungiyoyi irin National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973, aka dawo da su miliyoyi. Ba mu muka yi wahalar ba, kada mu ɓata.

Sauran ƙanana ne. Ka gwada bindigarka a takarda kafin ranar buɗewa, ka ga yadda ƙwayoyin harsashi ke bazuwa. Ni ba na wuce yadi arba'in, kuma wuya da kai ake saita, ba jiki ba. Kada ka bar rafi ko shinge tsakaninka da shi, tsuntsun da ke iya tashi sama sai ya tsaya yana zarya a bakin waya kamar an ɗaure shi. Kada ka ɓata kuɗi a turaren ɓoye wari, wannan na barewa ne. Talotalo ido da kunne gare shi, don haka rufe fuska da hannu. Da magariba ka je ka yi kukan mujiya, idan ya amsa ka san inda ya kwana. Ka fesa wa tufafinka maganin kaska, cutar Lyme da kaska ke yaɗawa ta yi yawa a jihar nan.

'Yan uwa Musulmi kuma, a yi bisimilla kafin a danna kunama, wuƙa mai kaifi ta kasance a aljihun da hannu zai kai nan take, don sau da yawa za ka iske shi da sauran rai. Ni a aljihun dama nake sa tawa, tare da takardar shaidar da doka ta ce a ɗaura masa kafin a ɗaga shi daga inda ya faɗi.