Taron Tsintsiya Ba Shara: Kurakuran Masu Neman Kansila a Zariya

Sau biyu ina riƙe wa ɗan takarar kansila littafi a cikin birnin Zariya. Na farko yayana ne, ɗan wan mahaifina, kuma mun sha ƙasa. Na biyu abokin karatuna ne, shi kuma Allah ya ba shi. Ba kuɗi ya fi yayana ba, ba kuma farin jini ba. Abin da ya bambanta su, a karo na biyu mun daina ƙirga kawunan da ke filin taro, mun koma ƙirga mutane da sunayensu, rumfa bayan rumfa.

Ranar da muka yi babban gangamin yayana, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. 'Yan acaɓa sun cika layi suna ta ham, makaɗa na kiɗa, yara na bin mota da gudu. Da muka dawo gida ya cire hula, ya share gumi, ya ce da ni, "Ƙanena, ai an gama." Wani dattijo maƙwabcinmu yana zaune a kan dakali yana ɓare goro. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Yaro, cikin waɗannan da suka rako ku, nawa ne ke da kati a akwatinmu?" Muka yi dariya, muka ce Baba ya tsufa. Bayan mako biyu muka gane wanda ya kamata a yi wa dariya.

Ƙaramar hukumar Zariya gunduma 13 gare ta: Kwarbai A da B, Unguwar Juma, Unguwar Fatika, Kaura, Limancin Kona, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Kufena, Dambo, Wucicciri da Dutsen Abba. Sabon Gari kuma ƙaramar hukuma ce daban mai cin gashin kanta, da su Samaru da Hanwa da Basawa da Muciya. Amma a zaman yau da kullum wa ke lura da wannan iyaka? Mutum yana kwana a birni, yana kasuwa a Sabon Gari, majalisarsa tana Tudun Wada. Ɗan acaɓan da ya fi kowa ɗaga hotonka wataƙila katinsa na Giwa ne ko Soba. Ɗalibin da ke haya a Gyallesu saboda kusa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello yana iya sonka har zuciya, amma rajistarsa tana garinsu, ranar zaɓe ma ya tafi hutu. Duk waɗannan suna cika fili, ba sa cika akwati.

Gyaran ba shi da daɗi, domin aiki ne na zama da biro. Ka samo jerin rumfunan zaɓen gundumarka kaf. Kada ka dogara da abin da ka sani tun da, domin a 2021 hukumar INEC ta ƙara yawan rumfuna a faɗin ƙasa zuwa 176,846, wasu tsofaffin akwatuna sun haifi sababbi, kuma akwai mutanen da har yau ba su san inda sunansu ya koma ba. Kowace rumfa ka ba ta shafinta a littafi, ka sa mata mutum biyu 'yan layin, mace da namiji. Su bi gida-gida su rubuta wa ke da kati, wa ya yi rajista bai karɓo ba, wa ya cika shekara 18 bai yi ba, wa ya ƙaura. Sannan a raba masu katin kashi uku: namu, nasu, da masu jiran su ga inda iska ta kaɗa. Kashi na ukun nan su ne aikinka. Yawancin 'yan takara suna ƙare lokacinsu a majalisar masoyansu, inda ake ce musu Onarabul tun ba a kaɗa ƙuri'a ba, don can ne zama ya fi daɗi.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne buga fasta kafin a gama da jam'iyya. A Najeriya ba a tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da mutum, don haka zaɓenka na farko ba a rumfa yake ba, yana hannun shugaban jam'iyya na gunduma da sakatarensa da shugabar mata da shugaban matasa da dattawan da ake jin maganarsu. Mu kuma kada mu yaudari kanmu. A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na Oktoba 2024, jam'iyya mai mulki ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 duka. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama, amma darasinsa ga mai neman kujera a fili yake: in kana jam'iyya mai mulki, yaƙinka na gaskiya shi ne fid da gwani ko teburin sulhu, in kana adawa, ka shiga da idonka biyu, ka san ginin da kake yi yana iya zama na zaɓen gaba. A zaɓukan 2018 da 2021, da aka yi da na'ura, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi a jihar nan, saboda haka ba a ce ƙofa a rufe take har abada ba.

In kuma ka samu tikiti, a daren nan, ba gobe ba, ka taka da ƙafarka zuwa gidan wanda ka kayar. Yayana bai je ba. Ya ce ai shi ne babba, yaron ne ya kamata ya zo ya yi masa murna. Yaron bai fita daga jam'iyya ba, bai zagi kowa ba, har hula mai hoton yayana yake sawa. Rumfuna uku na layinsu ne suka kashe mu. Anti-fati, wato zagon ƙasa daga cikin jam'iyya, ba ya shela, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a saurare ni: mata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa a cikin birni ya san layin mata ne ke fara tsawo, kuma su ne ke jure rana har a kai ga dangwale. Amma dubi yadda ake tsara kamfe. Maza ne a zaure, maza ne a teburin mai shayi, maza ne ke raba kuɗin mota. Sai ana saura kwana uku a tuna da "ɓangaren mata", a aika da atamfa da sabulu a ce a raba. A garin Hajiya Gambo Sawaba ake wannan! Matar da ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU tana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a 1976. Asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, muna wucewa ta gabansa kullum, amma ba mu ɗauki darasin ba.

A karo na biyu gwaggon ɗan takararmu ce ta gyara mana zama. Mun shiga gaishe ta, ta bar mu a durƙushe ta ce, "Ku 'yan nan, kuna ta yawo a titi. Ƙuri'ar tana cikin gida, ku kuwa ba a ce muku ku shigo." Ita ta haɗa mana uwar adashi, da dillaliyar da ba gidan da ba ta shiga, da malamar Islamiyyar matan aure, da mai ƙosan bakin layi, da ungozoma. Waɗannan mata biyar sun san wadda ta haihu, wadda mijinta ya hana ta fita, wadda katinta ya ɓace a ƙaura. Abin da muka yi kawai shi ne muka ba su kuɗin zirga-zirga a hannunsu, ba ta hannun wani namiji ba, muka kuma sa matar ɗan takara da ƙannensa mata ba sa fashin suna da biki da gaisuwar rasuwa. Inda maigida ke da tsauri, dattijo muke turawa ya nemi izini a zaure tun da wuri. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙuri'ar cikin gida ta ƙafar mace take fitowa.

Su ne kuma suka nuna mana wani abin da ya shige mana duhu. Fastarmu fuskar ɗan takara ce ta cika ta, alamar jam'iyya kuwa 'yar mitsitsiya a lungu. To takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton kowa, alamar jam'iyya ce kawai. Tsohuwa ta san fuskarka tun kana yaro, amma in ta shiga rumfa ba fuskarka za ta gani ba. A koya wa mutane alamar, a nuna musu yadda ake dangwalawa cikin gida ɗaya ba tare da tawada ta tsallaka layi ba, da yadda ake naɗe takarda kada ta shafi wani gidan. A kuma tambayi hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, yadda zaɓen wannan karon zai kasance, tunda an yi da na'ura sau biyu sannan a 2024 aka koma takarda.

Sai alƙawari. Na ji da kunnena mai neman kansila yana rantsuwa zai kawo ƙarshen matsalar ruwan Zariya. Jama'a suka tafa, suna komawa gida suna dariya. Mutumin Zariya ya ga gwamnoni sun zo sun wuce a kan maganar ruwan nan, aiki ne na gwamnatin jiha, ya san kansila ba shi da wannan hurumin. Kansila ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne: ya kai koken gundumarsa, ya sa baki a kasafin kuɗi, ya sa ido a kan ciyaman. Abin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne irin su kasuwa, tasha, kwashe shara, magudanan ruwa, maƙabarta, da sa hannu a makarantar firamare da ƙaramin asibiti. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa mutane sun fara tambayar ina kuɗin suke, don haka ka san abin da za ka ce in an tambaye ka. Ka zaɓi abu biyu ko uku da ido ke gani: kwatar da ke cika ta shiga gidaje duk damina, ajin da rufinsa ya yaye, famfon burtsatsen da ya shekara a lalace. In da hali ka fara taɓa ɗaya tun kafin zaɓe, ko da aikin gayya ne da shebur ranar Asabar.

Masu unguwa da dagatai da hakimai, a je a gaishe su, wajibi ne a ƙasar Zazzau. Amma gaisuwa ce da neman albarka. Kada ka sa uban ƙasa a tsaka mai wuya da neman ya ɗaga hannunka, kada kuma ka ɗauki hoto a zaurensa ka watsa da sunan ya goyi bayanka. Haka masallaci: doka ta hana kamfe a wuraren ibada, kuma ko ba doka, wanda ba a saba ganinsa a sahun Asuba ba in ya fara zuwa da sabuwar shadda ana saura wata ɗaya, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Maganar kuɗi gajera ce. Wanda ya buɗe bakin aljihu tun ana saura wata shida, zai isa ranar zaɓe ba ko na man babur. Ka ware kuɗin ranar zaɓe tun farko, ka ba wani amintacce ya ɓoye maka, ko kai ka roƙa kada ya ba ka. Sayen ƙuri'a laifi ne a doka, ban da haka ma ciniki ne na asara, don wanda ya karɓi naka ya karɓi na abokin hamayyarka. Yaran da ake saya wa ƙwaya su raka mota da sanduna kuwa, duk gidan da suka tsorata ka rasa shi, kuma bayan zaɓe ƙofar gidanka za su tare. Matasa suna da aikin da ya fi wannan, su ne masu riƙe littafin rumfa. Tun 2018 ma doka ta sauke shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25, wasunsu gobe su ne 'yan takara. Sojojin Facebook kuma a ja musu kunne. Zagin da yaronka ya yi wa uban wani a intanet, a gunduma ɗaya kuke, gobe za ku haɗu a jana'iza.

Na bar ranar zaɓe a ƙarshe don nan ne aikin wata shida ke zubewa cikin awa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: ejan, wato wakilinka a rumfa, ba da safiyar zaɓe ake nemansa ba. A zaɓe shi tun da makonni, ɗan rumfar ne wanda ya san fuskokin masu zaɓe, ya iya karatu da lissafi, an miƙa sunansa ga hukuma ta hannun jam'iyya a kan lokaci, yana da katin shaidarsa a wuya. A kai masa abinci da ruwa har inda yake, wayarsa da caji da kati. A zaɓen yayana, ejan ɗinmu na wata babbar rumfa yunwa ta kore shi wajen La'asar, ya ce bari ya je gida ya sa wani abu a ciki ya dawo. Kafin ya dawo an ƙirga, an cike takarda, an tafi. Ba mu ce an yi mana maguɗi ba, ba mu kuma ce ba a yi ba, don ba mu da ko takarda ɗaya da za mu nuna.

A karo na biyu kowane ejan da mataimakinsa, ko salla sai dai su yi karɓa-karɓa. Umarni uku muka ba su: kada ka bar akwati, kada ka sa hannu a takardar da ba a rubuta lambobi ba, kada ka tafi sai da kwafin sakamako a hannunka da hotonsa a wayarka. Daga nan a raka akwati har cibiyar tattara sakamako ta gunduma, inda wani wakilin ke zaune da littafinmu yana haɗa lissafi. Ni ne na zauna a wannan kujerar a daren. Kafin jami'i ya gama tara nasa, jimillarmu tana rubuce a shafin ƙarshe, na juya littafin na nuna wa wakilin ɗaya jam'iyyar, ya duba nasa, ya gyaɗa kai.