Darasi na Tara: Kalmar Iron a Wuyan Riga da Kwalin Magani

Kalmar Turancin da za mu koya yau haruffa huɗu gare ta, ana rubuta ta iron, amma Turawan Ingila ba sa fitar da harafin r, sai su ce "ayan". Ma'anarta ta asali ita ce ƙarfe, shi ya sa idan magini ya ce iron rod, rodin da ake zuba wa kankare yake nufi.

A cikin gida kuwa iron shi ne dutsen guga, na gawayi ko na lantarki, kuma ana amfani da kalmar wajen aikin gugar ita kanta. Ka duba ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga ko a gefenta ta ciki, za ka ga hoton dutsen guga da ɗigo a tsakiyarsa. Ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kimanin digiri 110, domin yadin roba mai saurin narkewa. Ɗigo biyu digiri 150 ne, ya dace da ulu. Ɗigo uku kuwa digiri 200 ne, wanda auduga ke jurewa. Ɗigon nan suna nan a jikin maɓallin yawancin duwatsun guga na lantarki, sai ka murɗa su yi daidai da na rigar. Idan an gitta hoton, ko an rubuta do not iron, to, kada a goge tufar sam.

Ma'anar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce ta asibiti. Iron a jikin kwalin magani sinadarin ƙarfe ne da jiki ke buƙata domin haɗa jini, kuma shi ne ke cikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki wurin awo. Wasu matan kan daina sha idan suka ga bayan gidansu ya yi baƙi, alhali kuwa hakan aikin ƙwayar ne, ba ciwo ba. Kada a haɗiye ta da shayi, domin yana rage amfaninta, kuma a ajiye ta inda hannun yaro ba zai kai ba, saboda yawanta na iya halaka ƙaramin yaro. Ana kuma samun sinadarin a hanta da nama da wake da ganyen zogale.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemo wannan kalma ko hotonta a kayan gidansa, ya kwafo abin da ya gani a littafinsa, domin mu karanta tare a aji.