Yadda za ka hana bambancin girman tayoyin gaba da na baya rikita birkin ABS

A Kumasi ba kowane mai mota ne ke iya sayen tayoyi huɗu a lokaci guda ba. Idan ɗaya ta fashe a hanyar Techiman, ko kuwa biyun baya suka cinye, sai a nufi Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, ko wurin masu taya na bakin titi a Aboabo da Asawase, a ɗauki abin da aljihu zai iya, sau da yawa daga cikin tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Tambayar da aka saba yi ita ce ko tayar za ta hau rim, kuma da zarar mai sayarwa ya ce, "Maigida, rim ɗin ɗaya ne, za ta shiga," ciniki ya faɗa. Amsarsa gaskiya ce, amma ba ta wadatar ba ga motar da ke da ABS, wato tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi, domin tayoyi biyu suna iya hawa rim iri ɗaya alhali tsayinsu ya bambanta ƙwarai.

Tun shekarar 1978, lokacin da kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da irin wannan birki mai aiki da kwamfuta a manyan motocinsu, tushen aikinsa bai canza ba. A jikin kowace ƙafar mota akwai zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu da ke juyawa tare da taya, kusa da shi kuma akwai ƙaramar na'ura da ke ƙirga wucewar haƙoran tana aika wa kwamfuta. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, kwamfutar ta ga juyin wata taya ya faɗi ƙasa da na sauran farat ɗaya, sai ta gane tana shirin cijewa, ta sassauta mata matsin man birki, ta sake matsawa, ta sake saki, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Wannan ne karkarwar da ake ji a ƙarƙashin ƙafa, kuma ita ce ke ba direba damar juya sitiyari yana kan birki.

Abin lura a nan shi ne kwamfutar ba ta ganin titi, ba ta kuma ganin taya. Juyi kawai take ƙirgawa, tana ɗauka cewa kowane juyi yana cin tazarar da kamfani ya rubuta mata tun daga masana'anta. Idan dogon mutum da ƙaramin yaro suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, yaron zai fi yawan taku ko da yake tafiyarsu ɗaya ce, kuma wanda ke sauraron takun kawai zai rantse cewa yaron ya fi sauri. Haka gajeriyar taya take fin doguwa yawan juyi, kuma haka kwamfutar take ruɗewa.

Mataki na farko shi ne sanin girman da kamfani ya tanadar wa motarka. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, za ka tarar da takarda manne mai ɗauke da lambar taya da yawan iskar da ake so. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai. Kada ka dogara da tayoyin da ka sayi motar da su, musamman idan ta ratsa hannuwa da dama kafin ta iso gare ka.

Daga nan sai ka zagaya motar ka rubuta lambar da ke gefen kowace taya, duka huɗun. Ɗauki misalin 195/65 R15, wadda ake yawan gani a ƙananan motoci irin su Toyota Corolla. Lambar farko, 195, faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin bangon tayar ya kai kashi 65 cikin 100 na wannan faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ne a inci. Lamba ta tsakiya ita ce mutane suka fi yin watsi da ita, kuma ita ce ta fi ɓata lissafi. Domin samun tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama, ka ninka 15 da 25.4, wato yawan milimita a inci ɗaya, ka sami milimita 381, sannan ka fitar da kashi 65 cikin 100 na 195, ka ninka shi biyu saboda bango na sama da na ƙasa, ka sami 253.5. Jimilla milimita 634.5 ke nan.

Yanzu a ce an sa maka 205/70 R15 a baya. Rim ɗin bai canza ba, amma tsayinta milimita 668 ne, wato ta ɗara ta gaba da fiye da kashi 5 cikin 100. A lissafi, tayar gaba za ta juya kusan sau 502 a kilomita ɗaya, ta baya kuwa kusan sau 477. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne 205/55 R16, wadda rim ɗinta ya fi girma, tsayinta milimita 632 ne kacal, don haka ta fi kusa da ta asali nesa ba kusa ba. Ma'aunin da masu sana'ar taya suka saba bi shi ne kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin 100. A ganina wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba wurin da ya kamata mutum ya nufa ba, kuma tsakanin gaba da baya ya fi kyau a tsaya kusa da kashi 1, saboda akwai wasu abubuwan da ke ƙara tazarar ba tare da lambar ta nuna ba. Zurfin zanen sabuwar taya yana kai wa milimita 8, wadda ta cinye har iyakar milimita 1.6 kuwa ta rasa kusan milimita 13 a tsayinta, kimanin kashi 2 cikin 100 ke nan. Idan aka haɗa sabuwar doguwar taya a baya da tsohuwar gajeriya mai ƙarancin iska a gaba, bambancin da ya yi kama da ƙarami a takarda ya riga ya tsallake iyaka.

Inda dogayen tayoyin suke yana da tasiri a kan irin matsalar da za a samu. Idan suna baya, kwamfuta tana ganin ƙafafun baya suna jan jiki tun kafin a taka birki. Da an taka, sai ta ɗauka sun fara zamewa, ta rage musu ƙarfi da wuri, musamman a motocin da kwamfutar ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Nauyin tsayawa sai ya koma kan ƙafafun gaba, motar ta ƙara 'yan taku kafin ta tsaya, kuma a cunkoson Kejetia ko a mahaɗar Anloga, inda mai tafiya a ƙasa ke iya faɗowa titi ba zato, waɗannan 'yan takun ba abin wasa ba ne. Idan kuma gajerun ne a baya, sai al'amarin ya juya: kwamfuta tana ganin suna gudu lafiya alhali sun fara zamewa, ta makara wajen sassauta musu. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin idan ƙafafun baya suka cije a kan jiƙaƙƙen titi lokacin damina, bayan motar ne ke juyowa gaba, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. Tsarin hana taya yin santsi lokacin tashi da tsarin daidaita mota a kwana duk daga waɗannan na'urori huɗu suke karɓar labari, shi ya sa wani lokaci mota kan rage wuta da kanta a miƙaƙƙen titi ba gaira ba dalili. Motoci da yawa suna iya jure ɗan bambanci su gyara lissafinsu, amma idan ya yi yawa sai kwamfutar ta kunna fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ta janye hannunta gaba ɗaya.

Akwai gwajin da za ka iya yi da alli kawai, kuma ya fi lissafin takarda gaskiya saboda yana haɗa girma da cinyewa da iska a awo ɗaya. Ka fara daidaita iskar tayoyin da geji tun da safe kafin su yi zafi. Ka sami shimfiɗaɗɗen fili mai taurin ƙasa kuma miƙaƙƙe, ka ja layin alli a bangon tayar gaba da ta baya na gefe ɗaya, daidai inda kowace ta taɓa ƙasa. Wani ya tuƙa a hankali ba tare da karkata sitiyari ba, kai kuma kana tafiya a gefe kana ƙirga juyin tayar gaba har goma, ku tsaya lokacin da allinta ya dawo ƙasa. Sai ka dubi na baya. Idan shi ma yana ƙasa ko ya kauce kaɗan, babu damuwa. Idan ya kauce da kusan sulusin kewayen tayar, ka kai kashi 3 cikin 100, idan kuwa ka same shi a can sama, rabin juyi ke nan, bambancin ya kai kashi 5. Ku maimaita a ɗaya gefen.

Idan fitilar ABS ta riga ta kama, ka nemi makaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, kuma kada ka yarda a goge lambar matsalar kawai a sallame ka. Ka ce masa, "Masta, ina so mu ga gudun ƙafafu huɗun muna tafiya." A miƙaƙƙen titi, idan na gaba biyu suna nuna 50, na baya biyu kuma suna nuna 47 ko 48 ba sa motsawa daga nan, taya ce. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce lambarta ke tsalle ko faɗuwa zuwa sifiri, musamman a tafiyar hankali, to laifin na'urar ƙirgar ne, ko wayarta, ko zoben da ya tsage ko ya cika da tsatsa da laka, kuma canza taya ba zai magance shi ba. Mutane da yawa sun sayi sabuwar na'ura a banza saboda ba a yi wannan bambancewar ba.

Ga masu ɗaukar kaya, waɗanda ke sa manyan tayoyi a baya da gangan don motar ta jure buhunan doya ko masara daga arewa, mafita ita ce lambar nauyi, ba tsayi ba. Bayan lambar girma akwai wata kamar 91H, inda 91 ke nufin tayar tana ɗaukar kilo 615. Ka nemi girman asali mai lambar nauyi mafi girma, a motocin haya irin su Sprinter kuma ka nemi tayoyin da ke da harafin C bayan girman rim, waɗanda aka ƙera domin kaya.

Ba kowane bambanci ne kuskure ba. Wasu motocin BMW suna fitowa da 225/45 R17 a gaba da 255/40 R17 a baya, amma idan ka yi lissafin za ka ga ta farko milimita 634 ce, ta biyu 636, faɗi ne kawai ya bambanta. Motoci masu jan ƙafa huɗu kuwa sun fi kowa tsanani, domin a wurinsu bambancin yana cin kayan giya ban da rikita birki, don haka a bar su da tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cinyewa kusan ɗaya. Siririyar tayar ajiya da ke zuwa da wasu motoci ta kai ka wurin mai faci ce kawai, bisa gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba.

Idan kuɗinka na taya biyu ne, ka sayi biyu masu lamba ɗaya da ta jikin ƙofa, gara ma su kasance na kamfani ɗaya, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen tayar, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, inda 2321 ke nufin mako na 23 na shekarar 2021, sannan ka sa masu kyawun a baya ko da motar da gaba take ja. Kada a taɓa haɗa girma biyu a hagu da dama. Bayan an gyara, a wasu motocin fitilar takan mutu da kanta bayan an kashe an kunna an ɗan yi tafiya, a wasu kuma sai an goge ta da na'ura. Muddin mai ruwan ɗorawa ce kaɗai ke kunne, birkin yau da kullum yana aiki, sai dai taya tana iya cijewa, don haka a bar tazara mai yawa. Idan jar fitilar birki ta kama tare da ita, a tsaya a duba man birki, kuma kada a hau babbar hanya sai makanike ya gani.