Yadda Ake Gano Dalilin da Tofido Ta Ƙi Fashewa: Tsarin da Aka Bi Kan Mark 14

Tofidon Mark 14 na sojan ruwan Amurka, wato makamin da ke gudu a ƙarƙashin ruwa don fasa jirgi, ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da lahani uku, kowanne yana ɓoye na bayansa. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake bin su.

A fara da zurfi. A shimfiɗa raga a cikin teku, a harba tofido mai nauyin kai na gaske (kai shi ne gabanta da ke ɗauke da abin fashewa), a auna inda ta huda. Haka Lockwood, kwamandan jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka a yankin, ya sa aka yi kusa da Albany ta Ostareliya a Yunin 1942, aka tarar tana nutsewa kusan mita 3 fiye da yadda aka saita. Dalili: kan da aka gwada ta da shi tun farko bai kai kan yaƙi nauyi ba, kuma ramin auna matsin ruwa yana wajen wutsiya, inda gudu ke rage matsi.

Daga nan sai na'urar maganaɗisu ta Mark 6, wadda ke fasa tofido idan ta ji maganaɗisun ƙarfen jirgi. Maganaɗisun duniya yana sauyawa daga yanki zuwa yanki, don haka takan tashi tun ba ta isa jirgi ba. A kashe ta, kamar yadda Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a tekun Pasifik, ya umarta a Yunin 1943.

Na ukun ya fi ɓata rai: allurar da ke tayar da fashewa idan tofido ta bugi jirgi. A Yulin 1943 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka Tinosa ya yi ta bugun jirgin Japan Tonan Maru da tofido ba fashewa. A saki kai marar abin fashewa daga tsayin mita 27 kan farantin ƙarfe, a duba allurar. Bugun kai tsaye yana lanƙwasa hanyarta ta maƙale, bugun karkace kuwa yana tashi. Allura marar nauyi ta alminiyam ce ta magance shi.