Masu zuwa Kisite, kar ku ɗauki shatar jirgi

Jama'a, duk mai niyyar zuwa tsibirin Kisite a kudancin gaɓar tekun Kenya, kar ka ɗauki shatar jirgin ruwa kai kaɗai.

Ka kwana a Shimoni, garin bakin teku inda jiragen ke tashi, ka yi sammako bakin ruwa, ka bi ayarin da ya riga ya haɗu. Kusan mai ɗaya jirgi zai sha, ko ku biyu ne ko goma, to ku raba kuɗin mana. Da safe ma teku ta fi kwanciya, jiri da sauƙi.

Kafin ka miƙa ko sisi, tambayi mai jirgin: kuɗin shiga na hukumar kula da namun daji ta Kenya (KWS) yana ciki? Abincin rana a tsibirin Wasini da ke kusa fa? Nan ake yi wa baƙo wayo.

Sai dai a Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama, baƙi kan yi ƙaranci. Kana iya wuni a zaune jirgi bai cika ba.